Mai Ganye a Bakin Zaure

Samarin unguwarmu sun zo mini kwanakin baya da sabon keke mai ƙafa uku da suka haɗa hannu suka saya, kowa sanye da riga iri ɗaya. Sun ce sun kafa ƙungiya, za su riƙa kwashe ganye da ciyawa da rassan da ake sarewa a gidajen Yelwa su mai da su taki, gari ya huta da hayaƙi. Suna so in ara musu ramukana na gangaren gulbi, in kuma nuna musu yadda ake yi. Na tambayi babbansu wane lokaci suka ware wa koyon, ya ce ai yammacin Asabar ɗaya ya isa, tunda sun riga sun kalla a waya. Na so in yi fushi, sai dariya ta riga shi zuwa. Ramuka zan ara muku, 'ya'yana, manjagara ma ku ɗauka. Amma abin da sana'ar nan take tsaye a kansa ba ni da shi yanzu, balle in ara muku, wato izinin shiga gidajen mutane. Labarinsa nake so ku ji kafin ku ƙona man kekenku.

Sunana Audu, amma a Yelwa in ba ka ce Audu Ganye ba babu mai nuna maka gidana. Wanda ya koya mini aikin ƙanen kakana ne, Baba Nomau, wani gajeren tsoho mai faɗan tsiya, wanda har ya koma ga Allah ban ji ya yaba aikin kowa ba. Ban daɗe da warkewa daga kaciya ba aka miƙa ni gare shi. Na ɗauka don ɗaukar kwando ya karɓe ni, sai daga baya na gane dalilin da ya sa ba ya ɗaukar yaron da muryarsa ta fara buɗewa. Gidajen da ke da itatuwa da garka a bayan ɗaki su ne gidajen da baligi ba ya shiga. Shi kansa Baba Nomau yana shiga ne saboda ubangidansa ya shigar da shi tun yana ƙarami. Yaron da ya girma a gaban matan gida, ya ci tuwonsu, suka aike shi, suka zage shi, ɗan gida ne ko ya yi furfura. Ba malamai suka yanke haka ba, ba kuma a rubuce yake ba. Al'ada ce kawai da masu gida suka ga tana da amfani suka kau da kai.

Gidan farko da ya kai ni shi ne gidan Inna Kulu, a gangaren kasuwa. Lokacin tana matashiya, da goyon fari a bayanta. Baba Nomau ya tura ni gabanta ya ce:

"Kulu, ga ɗanki na kawo miki. In yay yi ɓarna ki buge shi, kak ki jira ni."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wannan ai sai an fara da wanke masa kai. Ta kuwa wanke, da sabulun salo, ina ihu. Bayan haka ta dama mini fura. Daga ranar nake ce mata Inna, kuma daga ranar babu labulen da ya taɓa tsai da ni a gidan. Haka Baba Nomau ya bi da ni gida gida, har na zama ɗa a unguwa uku.

Aikin da na fara tunawa sosai a garkar Inna Kulu na yi shi, bayan an sassabe shinge an rage rassan itatuwa. Na ɗauki manjagara na tattara komai wuri ɗaya, na yi tsibi babba, na tsaya ina jiran yabo. Baba Nomau ya zo ya sa ƙafa ya watsa shi. Ya ce wanda ya haɗa komai tsibi ɗaya mai shara ne, kuma shi bai ɗauki mai shara ba. Kashi uku ake yi, a nan gindin itacen, tun ana ganin daga inda kowane ganye ya fito. Ɗanyen ganye da ciyawar da dabba za ta ci, gefe ɗaya. Rassan da suka isa itace, gefe ɗaya. Busasshen ganye da karan kuɓewa da ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, na rami ke nan. Ya karya reshen tinya daga shinge ya nuna mini farin ruwan da ya tsattsafo kamar nono, ya ce duk abin da ya yi haka ba na bakin dabba ba ne, ba kuma na wutar bandar kifi ba ne, a raminsa daban ake binne shi. Ya ja mini kunne har sai da na ji zafinsa a wuya, don kada in manta.

To ku ga yadda abin yake zagayawa. Ɗanyen ganye ina kai wa matan da ke kiwon turka, su kuma in share musu garke in kwashe kashin tumaki. Itacen ina tura shi a kura zuwa bakin gulbi wurin masu bandar kifi. Wadda na fi daɗewa da ita Talatu ce, 'yar Gungawa, Kirista, wadda ta gaji bandar daga uwarta. Talatu ba ta karɓar dogon yaro, ta ce yana sa kifi ɗaci, amma in ta ga mangwaro ko gwaba sai ta tashi tsaye ta tarye ni. Ita kuma tana tara mini toka da kayan cikin kifi a tsohuwar garwa. Ba a taɓa maganar kuɗi tsakanina da ita ba, sai dai wani lokaci ta ɗora mini tarwaɗa a kan kura, tana cewa in ci ko na yi kumari. Duk abin nan rami yake komawa, daga rami kuma ya koma gona.

Ramin da kuka gani kuka ce rami ne kawai, Baba Nomau ya sa na haƙa na cike, na sake haƙawa a wani wuri, don na farko ya yi kusa da ruwa. Gulbin nan tun da aka tare shi a Kainji yana da nasa hali, wurin da kake shanya yau wata rana jirgi zai bi ta kansa. Sai a haura sama, a sami inuwa, a haƙa iya ƙugu. Busasshen ganye a ƙasa, ɗanyen da dabba ta rage a kai, kashin tumaki, toka kaɗan, kayan kifi a tsakiya inda kare ba zai tona ba, a yayyafa ruwa, a sake. Yayyafi na ce, ba kwarara ba. In ruwa ya yi yawa rami ya yi ɗoyi, maƙwabta su kai ƙararka. In ya yi kaɗan ganyen mangwaro zai kwana shekara yana kallonka, don ba ganyen da ya kai shi taurin kai. A rufe da tsohuwar zana, a soka sanda a tsakiya. Da sandar ake sanin komai. Ka zare ta ka kama, in ta yi zafi aiki yana ci, in ta huce lokacin juyi ya yi. Juyin nan da shebur da cokali mai yatsu shi ya lanƙwasa mini baya kamar yadda kuke gani. Bayan an yi ta juyi sai a tankaɗe a babbar rariyar waya, abin da ya sauka baƙi ne, mai ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari.

Masu saye manoman albasa ne, daga ƙauyukan Shanga da na wajen Wara, suna zuwa da jirgi ranar kasuwa. Ba don gona duka suke saye ba, don wurin renon iri ne, inda ƙasa ke son laushi. Akwai wani dattijo daga Ngaski da ba ya ciniki sai ya tura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ya ɗebo na can ƙasa ya sansana. Wata shekara ya sansana ya ce mini akwai ganyen itacen turare a ciki. Na rantse babu, don turare yana hana iri tsiro, ba na sa shi. Ya ce to iska ta kawo. Na je na duba, ashe maƙwabcin ramin ya dasa turare a bayan shinge. Irin mutanen da za ku sayar wa ke nan, ku da kuka kalla a waya.

Haka na yi ta yi har Baba Nomau ya rasu, na gaji kurarsa da gidajensa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, gemu ya fara fari, ina shiga ina fita. Mazan da suka san Baba Nomau suka yi ta tafiya, 'ya'yansu suka zama masu gida. A gidan Inna Kulu, goyon nan da na tarar a bayanta, Sani, shi ya zama maigida. Na sha ɗora shi a kan kura yana ƙarami in zagaya da shi unguwa. Yaya Audu yake ce mini.

Shekarar da ta karya mu, babbar salla ta faɗo farkon damina, ruwa kuma ya yi jinkiri. Harawa ta ƙare, ciyawa ba ta fito ba, kowace mace da ke da ragon layya tana neman abin da za ta sa masa a baki. Ni kaɗai ban isa in wadata unguwa uku ba, duk abin da na samu rabawa nake yi kaɗan kaɗan. A lokacin an yi sababbin gidaje a bakin titi, masu dogayen katangu, sun yi shinge da wata fulawa mai siririn ganye, furenta ruwan ɗorawa kamar ƙaramin mazurari. In ka karya ta farin ruwa take fitarwa. Masu gidajen sukan sa a aske shingen, su biya wani mai a-kori-kura ya kai juji. Mutumin nan ya ga ana rububin ganye, ya ga ai ba wani abu ba ne. Ya daddatsa askin shingen, ya gauraya da ganyen mangwaro da 'yar ciyawa, ya ɗura a buhu ya bi ƙofa ƙofa, yara suna shiga da shi. Ban ce mugu ne ba. Bai sani ba ne, kuma babu wanda ya taɓa ja masa kunne.

Dabba ba ta cin fulawar nan tana tsaye. Amma in an daddatsa ta, ta yi yaushi, ta gauraya da wani ganye, ga yunwa, sai ta ci. Kafin gari ya waye raguna suka fara kumfar baki suna faɗuwa. Wasu an samu an yanka, amma ba wanda ya yarda ya ci naman. Inna Kulu ta rasa nata duka, ragunan da ta yi wata da watanni tana tashi da asuba saboda su. Da aka tambayi yara wa ya kawo, suka ce mai ganye. A unguwannin nan kuwa mai ganye ɗaya aka sani.

Na shiga wurin Inna Kulu na zazzage sauran buhun a gabanta, na tsinto siraran ganyen na nuna mata. Ta ce in mai da abina, ita ba ta buƙatar shaida, ta san hannun da ta wanke wa kai. Na kai wa mai unguwa, shi ma ya gani. Ba a yi nisa ba gaskiya ta fito, mai a-kori-kura ya bar gari. Sai dai kafin nan masu gida sun riga sun zauna a ƙofar masallaci, ransu a ɓace, sun yanke cewa daga yau duk mai harkar ganye ya tsaya a waje. An wanke ni, amma ba a sake zama an warware maganar ba.

Da safe na turo kura ƙofar gidan kamar kullum, na yi sallama na nufi ƙofar ciki. Sani yana zaune a zaure kan tabarma, da alama ni yake jira.

"Malam Audu, dakata ka ji," in ji shi.

Tun da ya iya magana bai taɓa ce mini Malam ba. Na tsaya.

"Ba mu ce kai na ba, kowa ya san ba kai na ba. Amma an zauna an yanke. In na bar ka ka shiga, mi maƙwabta za su ce? Kuma ka duba, gidan yanzu akwai matan ƙannena, ba su san ka ba. Abin da ak akwai, yara na hiddo maka."

Bai yi ƙarya ba. Matan ƙannensa ba su san ni ba. Ni kuma dattijo ne mai furfura, ba muharramin kowa ba. Abin da ya ba ni damar shiga gidan shekara da shekaru ba hujja ba ce da zan iya kawowa, yarda ce kawai, kuma an janye ta. Ina ji Inna Kulu tana faɗa daga ciki, tana ce masa tun kafin ya iya zama nake share garkar nan. Ya ba ta haƙuri cikin ladabi, bai kuwa canza magana ba. Na juya kura na fita.

Sauran gidajen ma haka, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ji kunya suka aiko yaro ya faɗa mini. Daga nan sai buhu a ɗaure a bakin zaure. Ku da za ku fara daga bakin zaure, ku ji abin da ke cikin buhun nan: ganye da leda da fasasshiyar kwalba da mataccen batir da ƙunzugun jarirai, duk wuri ɗaya. Ka wuni kana tsinta, ba ka san wane itace ya zubar da wane ganye ba, ba ka san ko an yi wa ciyawar feshin magani ba. Na daina kai wa dabba komai, don ba zan ba da abin da ban ga tushensa ba. Da na daina kai ganye, kashin tumaki ya daina zuwa. Rassa kuma babu mai sara su da kyau, Talatu ta koma sayen itacen daji daga masu lodi. Takin ya rage ƙarfi, dattijon Ngaski ya tura hannu ya sansana, ya gaishe ni da iyali, ya wuce. Matan da suka gaji da jiran yara su fitar da buhu suka koma cinna wa ganye wuta da yamma. Hayaƙin da kuka ce za ku raba gari da shi, daga nan ya samo asali.

Ba ina hana ku ba ne. In kuna da wayo ku sa 'yan'uwanku mata cikin ƙungiyar, su shiga inda ba ku iya shiga, su rarraba a gindin itace. Wataƙila ta nan abin ya tashi. Amma ni nawa ya wuce, don ba a mai da mai furfura yaro a sake shigar da shi.

Akwai wani mangwaro a bayan ɗakin Inna Kulu, babba, rassansa sun leƙo ta saman katanga har kan hanya. Bayan an tsai da ni, ina wucewa wata rana na hango kauci ya kama reshe ɗaya. Kauci kun san shi, tsiron nan mai jan fure da tsuntsu ke kawowa, ya kafa saiwa cikin reshe ya yi ta shan itace. Maganinsa sauƙi gare shi in an yi da wuri, a hau a sare reshen daga ƙasan inda ya kama. Aikin hantsi ɗaya ne da adda. Na faɗa wa Sani, ya yi godiya ya ce zai sa a duba. Ya kuwa sa, aka hau aka tsige ganyen kaucin aka bar saiwar a ciki, ya sake tohowa ya fi da. Na sake faɗa masa, na ce ko matan su shiga ɗaki na ɗan lokaci in hau in sauka. Ya ce zai yi shawara. Ban ƙara tayar da maganar ba, don na ga tana ba shi kunya. Duk sanda na biyo hanyar sai in tsai da kura in ɗaga kai, ina gani yana bin reshe bayan reshe.

Bana da iskar farkon damina wani busasshen reshe ya faɗo ya fasa rufin madafa. Sani ya kira masu injin yankan itace suka kwantar da mangwaron gaba ɗaya. Ya aiko a ce mini in zo in kwashi itacen kyauta, kuma na san da alheri ya yi nufi. Na je. An jibge shi guntu guntu a ƙofar gida. Ina cikin lodi sai na ji tari daga bayan ƙofar zaure, na gane tarin. Inna Kulu ce, ta tsufa ƙwarai, ta dogara sanda ta zo har nan, ba ta fito ba, ni kuma ban shiga ba. Na durƙusa daga waje na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara.

"Talatu za ka kai ma?" in ji ta.

Na ce e, Inna.

"To madalla. Kak ka bari a sai da shi."

Har na ɗauka ta koma. Sai ta ce:

"Audu, tun yaushe kag ga kaucin nan?"

Na ce tun yana reshe ɗaya, Inna.

"Na sani," in ji ta. "Ina zaune gindinai ina ganin hularka ta bisa katanga, duk ran da kat tsaya."

Na ji sandarta tana komawa ciki a hankali. Na ƙarasa lodin, na ɗaure da igiya, na tura kura gangaren gulbi.